Abin da Manaja Yake Faɗa da Magariba

Wayata ba ta shiga ƙasar Kamaru ba. Ni na shiga, takalmina ya shiga, har ƙullin dambun naman da kakata Dada ta cusa mini a jaka ya shiga, amma waya ta tsaya a bakin iyaka, a hannun wani bawan Allah mai jar hula wanda ban taɓa ganin mai fara'arsa ba.

Mun sauko daga motar Yola ƙafafuna sun manta aikinsu. Malam Isiyaku, malaminmu na kimiyya da ya jagorance mu, ya shiga ofis da takardunmu, ya ce mu ukun mu tsaya a gindin bishiya, kada mu kula kowa. Sauran biyun suka bi umarni. Ni kuwa tunda aka haife ni ba a taɓa ajiye ni kusa da mutum na bar shi da shirunsa ba. Mai jar hula ya yi sallama da Hausa gangariya, ya tambayi mutanen Kano, ya ce shi ma ya taɓa zama a Fagge, har ya kwatanta mini mai shayin bakin layinmu. Sai daga baya na tuna babu layin da ba shi da mai shayi a bakinsa. Ya ce wayar Najeriya in ta tsallaka ba a buɗe mata kai ba, kurma take zama, amma ga shago can, yanzu zai kai a buɗe. Na miƙa masa da hannu biyu, har da godiya. Ina jin har yau suna can suna buɗewa.

Wayar kanta ba abin kuka ba ce. Fuskarta ta tsattsage kamar gindin tafki da rani, in za ta kama sai an mare ta. Abin da ke cikinta ne ya sa na zauna a ƙasa.

Sunana Umaru, amma daga Fagge har shataletalen Bata, Aku ake kirana, don babu muryar da zan ji ban kwaikwaya ba: kwandastan mota, mai gwanjo, Dada in ta fusata ta juya harshe zuwa Fillanci. Wannan bakin ne ya jawo mini tafiyar. An gayyaci ƙungiyar makarantarmu ta kare namun daji zuwa wani sansani a kurmin kudancin Kamaru, inda ake tara matasa daga ƙasashe a koya musu kukan birai, su koma gida su koya wa yara. Hikimar ita ce, yaron da ya san biri yana gargaɗin 'yan uwansa, yana kiran ɗansa, da wuya ya girma yana kallonsa a matsayin nama ko abin wasa. Da Malam ya zaɓe ni cewa ya yi, a karon farko bakin nan zai yi wa al'umma amfani.

To, a Sabon Gari akwai Baba Emeka, mai gyaran rediyo da fanka, aminin marigayi kakana. A Kano aka haife shi, ya fi ni Hausa nesa ba kusa ba, in ya jefo karin magana sai na je gida na tambaya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu, wasu Legas wasu Onica. Abokin zamansa a shago biri ne, ɗan ƙarami, baƙi-baƙi, da farin ɗigo a hanci kamar ya leƙa buhun fulawa. A ƙarƙashin wata babbar mota ya gan shi a kasuwar Singa, an ɗaure shi cikin rana yana jariri, tausayi ya sa ya karɓo shi daga hannun direban. Ya sa masa suna Manaja, don a kan tebur yake wuni, ba ya aikin komai, kuma shi ake fara ba abinci.

Kullum in rana ta kusa faɗuwa Manaja zai hau kan wata matacciyar talabijin, ya fuskanci ƙofa, ya yi wani kuka siriri mai tsawo, mai rawa a ƙarshe. Maƙwabta suna cewa kiran tashi daga aiki yake yi. Amma a watannin nan kukan ya ƙaru, cin abinci ya ragu, har ayaba yana juya mata baya. Ana gobe zan tafi Baba Emeka ya sa na ɗauki kukan a waya.

"Ka kai wa masanan nan," ya ce. "Ka ce wani tsoho ne yake tambaya, me yaron nan yake so? In ciwo ne a faɗa mini maganin. In wata ayaba ce ta daban, a faɗa mini inda ake sayarwa."

Wannan saƙon ne mai jar hula ya tafi da shi.

Da Malam ya fito ya ji labari, na zaci zai ci ni ɗanye. Kallona kawai ya yi ya ce yau dai Aku ya gamu da wanda ya fi shi baki. A motar Garwa ina jingine da taga, ina tunanin da wane ido zan kalli tsohon, sai na ji maƙogwarona yana motsi. Ashe kukan yana nan. Na sha jinsa har ya zauna mini. Sai dai murya ba kamar waya ba ce, in ba a taɓa ta kwana biyu sai ta karkace, balle inda za mu akwai wasu kukan da za su shiga kunnena su cakuɗe da shi. Na ƙudurta ba zan bar shi ya huce ba. Na gwada a hankali. Kajin wata mata da ke ƙarƙashin kujera suka rikice, direba ya taka birki ya leƙa taya.

A tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare kewar gida ta fara kama ni. Kowa Faransanci, kamar ana kurkure baki da ruwan zafi. Na ga wata dattijuwa mai sayar da nono, zamanta sak irin na Dada, ƙafa a miƙe, mayafi a kafaɗa ɗaya. Fillancina duka bai cika cokali ba, kuma yawancinsa zagi ne, don shi Dada ta fi yi mini. Na lalubo mai tsabta, ta gaisuwa, na ce, "Jam na?" Ta ɗago ta zubo mini magana kamar an buɗe famfo. Da ta ga na tsaya baki buɗe sai ta yi dariya ta koma Hausa, ta ce Bafulatanin da Kano ta cinye ke nan. Ta tambayi asalinmu, na ce Adamawa, kakannina suka zo Fagge fatauci suka zauna. Ta cika mini ƙwarya, ta ƙi karɓar komai, da ta ji abin da ya sami wayata kuma ta kunce tata daga bakin zane ta ce in kira gida.

Dada ta ɗauka. Na shirya zan ba ta labari mai daɗi, har da yadda na kori ɓarayi bakwai da hannu ɗaya, amma ina jin ta ce "Umaruna, ka ci abinci?" sai muryar ta gudu ta bar ni. Ni da nake da muryar mutum ɗari, na rasa tawa. Dattijuwar ta karɓi wayar suka yi ta Fillanci da Dada, suna dariya, na san da ni ake.

A jirgi na ci gaba da aikina. Na lulluɓe kai da riga ina maimaita kukan Manaja, sai ga mai duba tikiti da tocila, ya durƙusa yana haska ƙarƙashin kujeru. Ya sa aka sauko da jakunkunanmu, ya zazzage tawa, ya shinshina dambun Dada da zargi. Malam ya yi ta rantsuwa da Turanci cewa ba mu ɗauko dabba ba, daga ƙarshe ya nuna ni ya ce ga dabbar nan. Sai da na yi kukan a gaban mutumin ya yarda. Ya kira abokin aikinsa na sake yi, shi ma ya kira wani. Kafin mu isa Yawunde na yi wa rabin ma'aikatan jirgin.

Daga Yawunde mota ta yi ta nutsawa da mu cikin kore har na manta launin ƙasa. Bishiyoyin can in ka ɗaga kai za ka ga ƙarshensu hularka za ta faɗi. Ruwa kuwa ba sauka yake yi ba, zama yake yi. Wankina bai bushe ba har na dawo. Abinci rogo ne da aka naɗe a ganye, mai warin da sai ka yi sulhu da shi kafin ka ci. Mai dafa mana abinci, wata mata mai faɗin gaske, ta lura ni da Malam ba ma taɓa nama, ba ta tambaye mu dalili ba, washegari sai ga kifi a tukunya daban, da cokalinsa daban. Kullum in ta zuba mini sai ta ƙara, ta kama damtsena ta girgiza kai.

Magariba ce ta fi yi mini wuya. A Fagge in lokaci ya yi masallatai ne ke karɓa daga bakin juna har ka rasa na wa za ka bi. A can babu, sai ƙwari. Malam yana duba agogo mu shimfiɗa darduma a baranda. Ban taɓa zaton zan yi kewar hon ɗin motocin Bata ba.

Shugabar sansanin Madam Filomina ce, 'yar siririya mai furfura, ta ƙare ƙuruciyarta tana bin birai da na'urar ɗaukar murya. Ranar farko ta kunna mana kukan wani biri, ta nuna hotonsa, na kusa faɗowa daga benci: farin hanci, dangin Manaja ne sak. Ta koya mana yadda babban namijinsu ke yin wata ƙara mai kaifi in akwai abin tsoro a ƙasa, da wata mai kama da tari in mikiya ce a sama, da yadda yake haɗa su biyun in yana so ayari ya tashi. Ta ce kada mu ɗauka magana ce irin tamu, amma kuma ba hayaniya ba ce. Kafin azahar na iya su duka. Kafin la'asar, abin kunya, na iya Madam ɗin kanta, har da yadda take tura tabarau da ɗan yatsa. Ina cikin yi wa yaran Gana da na Gabon, suna birgima, sai na ga sun daina. Tana bayana.

Ba ta yi fushi ba, ta ce na fi ta iya kanta. Amma ta kafa doka: bakina a rufe sai a aji, a aji ma sai abin da aka kunna. A cikin kurmi kuwa kowa ma an hana shi kwaikwayon komai. Na yi ƙoƙarin in ce mata ina da saƙo, Turancina ya harɗe, ta zaci wani sabon wasan ne ta ɗaga mini hannu. Malam ya ce in bari ƙura ta lafa tukuna. Sai na koma yin kukan Manaja a banɗaki, ƙasa-ƙasa, kamar mai satar waƙa.

Wata safiya aka shiga da mu kurmi a layi, ba magana. An ba kowa usur, in ya ɓata ya tsaya inda yake ya busa. Nawa yana aljihun Malam, an ƙwace tun ranar da na tashi ɗakinmu da shi. Ni ne na ƙarshe a layi, na taka ayarin kwarkwasa, tururuwan nan masu cizo, ban sani ba. Wanda bai taɓa jin kwarkwasa a cikin wando ba, kada ya ce ya san tashin hankali. Na faɗa bayan wata bishiya na tuɓe, na yi ta karkaɗewa ina tsalle. Da na gama na leƙo, babu kowa. Babu hanya ma. Ko'ina ganye ne, kowane ganye kamar ɗan uwansa.

Na kira Malam, kurmin ya haɗiye muryar ko tari bai yi ba. Na zauna a kan saiwa, wando a hannu. Na tuna Dada, na tuna ko kabarina ba za a sani ba, na ga har an yi sadakar bakwai an raba waina ba ni. Ban yi niyya ba, Allah ya sani. Bakina ya saba ne, da na rasa abin yi sai kukan Manaja ya fito da kansa, siriri, mai rawa a ƙarshe.

Sai aka amsa.

Daga sama ne, wani gurnani gajere mai taushi, kamar uwa ta ce "uhm" tana cikin aiki. Reshe ya motsa. Na sake yi, aka sake amsawa, kusa. Sai ga ta, macen biri mai farin hanci, tana saukowa reshe bayan reshe. Ba ni take kallo ba. Bayana take leƙawa, da gefena, da ƙarƙashin ganyen da ke kusa da ƙafata. Na buɗe baki zan ƙara, na ji hannu a kafaɗata. Madam ce, yatsa a leɓe. Muka tsaya shiru. Birin ta daɗe tana dubawa, ta yi gurnanin sau ɗaya, ta jira, sannan ta koma sama a hankali, tana waiwaye.

A sansani Madam ta zaunar da ni, ta kira Malam ya yi mana tafinta. Ta ce ita ma kukan ta biyo, ta zo ceton ɗan biri ta tarar da ɗan Kano ba wando. Sannan ta tambayi inda na samo shi, don ba ya cikin waɗanda ta kunna mana. Na ba ta labarin Baba Emeka da Manaja da mai jar hula, kuma ban ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya ba, abin da ya ba Malam mamaki har ya tsaya yana kallona.

"Kukan ɗan da ya ɓace wa uwarsa ne," ta ce. "In da za a mayar da shi maganar mutane, bai wuce 'ina kuke' ba. Waccan da ta sauko ta bar kiwonta ne ta zo neman yaron da babu shi. Shi ya sa ba ma kira a kurmi. Ƙarya ce muke yi musu, su kuma ba su san ana yi ba."

Ta ce irin Manaja ba a sake shi a daji kai tsaye, ba zai rayu ba, amma a kudancin Najeriya akwai inda ake renon marayun birai cikin 'yan uwansu, za ta haɗa Malam da su in tsohon ya yarda. Sannan ta kunna mini amsar a na'urarta, ta ce in koya. Ita ce ta fi ba ni wuya a duk abin da na taɓa kwaikwaya. Bakina ya saba da abin da za a ji daga Fagge har Kantin Kwari, wannan kuwa sai ka sauke kafaɗa, ka yi kamar ba ka son kowa ya ji sai mutum ɗaya.

Kafin mu taho aka kai mu wata makarantar ƙauye mu gwada abin da muka koya. Na yi kukan gargaɗin damisa yara suka haye benci, na yi na mikiya suka shige ƙarƙashi, ana ta shewa. Madam ta ce in yi na Manaja. Na yi. Ajin ya yi tsit. Wata 'yar ƙarama a gaba ta ɗaga hannu ta tambaya, wa zai je ya ɗauko shi? Ranar ce ta farko da na buɗe baki ba a yi dariya ba, kuma ban ji haushi ba.

A hanyar dawowa na yi ta ƙera ƙarya. Na san in tsohon ya ji gaskiya, shagon zai koma shi kaɗai da matattun rediyo. Na tsara zan ce Manaja aure yake so. Na tsara zan ce ƙarin albashi yake nema. Na tsara mai kyau ma, cewa godiya yake yi wa mai gidansa kullum kafin dare, wadda na san Baba Emeka zai riƙe har kabari. Na gwada wa Malam ita a mota. Ya ce ta yi daɗi ƙwarai. Sannan ya ce tsohon bai aike ni don na fi kowa gaskiya ba, ya aike ni don ni ne mai tafiya, amma amsar tasa ce, ba tawa ba.

Na isa shagon da yamma. Baba Emeka yana liƙa waya da dalma, Manaja na kan tebur, ya ƙara ramewa. Tsohon ya ba ni benci, ya aika a sayo mini lemo, ya tambayi hanya, ya tambayi abincin can, ya yi dariyar mai jar hula har da hawaye. Abu ɗaya ne bai tambaya ba, ni ma na yi ta kewaye shi. Muna haka rana ta sauka bayan rumfuna. Manaja ya ja sarƙarsa ya hau talabijin, ya fuskanci ƙofa, ya yi kukan.

Baba Emeka ya dube ni. Ƙaryata tana kan harshe, a shirye. Sai na sauke kafaɗa na amsa wa Manaja.

Manaja ya ƙame. Ya juyo a hankali. Na sake yi. Tsalle ɗaya ya yi ya faɗo ƙirjina, ya buɗe wuyan rigata ya leƙa, ya leƙa bayan kaina, ya sauka ya duba ƙarƙashin benci, ya dawo. Da bai ga kowa ba sai ya cusa kansa ƙarƙashin haɓata ya riƙe ni.

Tsohon ya ajiye abin liƙin.

"Ashe ba ayaba ba ce," ya ce.

Na faɗa masa duka, har da macen da ta sauko, har da wurin da ke kudu. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, hannun da babu komai a jikinsa.

"Shekara biyu yaro yana tambaya, ni ina miƙa masa gyaɗa." Ya jawo kujerarsa kusa. "Koya mini, Aku."

Tsohon ya yarda a kai shi. Makonnin da aka yi ana shirya tafiyar Manaja kudu, kullum daga makaranta shagon nake wucewa. Ban taɓa samun ɗalibi mai taurin maƙogwaro irinsa ba. In ya yi amsar kamar fankar da ta shekara ba mai. Mai shagon kusa ya leƙo sau biyu yana tambaya ko wani inji ne ya lalace. Manaja kansa kallon tausayi yake yi masa. Amma bai fasa ba, kuma a kwanakin nan Manaja ya koma cin abinci, kaɗan-kaɗan.

Ranar da motar masu renon birai ta zo, Baba Emeka ne ya kwance sarƙar da hannunsa, ya sa shi a keji, ya cusa masa tsohuwar hularsa ta sanyi da yake kwana a kai. Ya yi wa direban bayani har sau uku cewa ba ya son gwanda. Da aka ɗora kejin a baya aka tayar da mota, Manaja ya kama ƙarfen ya yi kukan, ko magariba ba ta yi ba. Na buɗe baki, tsohon ya dafa ni. Ya sunkuya, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kai fuskarsa jikin kejin ya amsa. Wallahi ba ta yi kyau ba. Amma Manaja ya yi shiru, ya zuro hannu ya kama masa yatsa, har motar ta fara tafiya.

Muka koma shago. Ya dubi tebur ya ce ashe faɗi ne da shi haka. Ya zauna, ya tashi, ya sake zama.

"Ara mini wayarka," ya ce. "Au, na manta, tana can ana buɗe mata kai."

Ya laluba aljihu ya ciro tasa, ya nisanta ta da ido yana neman lamba. Ɗansa na Onica ya kira. Suka yi magana da Ibo, ba mai tsawo ba, na ji muryar ɗan tana tashi kamar mai tambaya ko lafiya. Da ya kashe na tambaye shi me ya ce masa.

"Ba komai," ya ce, yana jawo wata fanka gabansa. "Na ce masa ina nan. Ya ce shi ma yana nan."